Dokar Tafki da Aka Kashe Babu Ganga

Uwani, wa ya gaya miki jarkarki ce ta lalata Habibu? Wa ya ɗora miki wannan kaya, kika ɗauka shekara biyar ba ki sauke ba, ba ki kuma tambayi kowa ba?

Kin ga halina, na fara da faɗa kafin sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Zan ba Innarki ta cusa ta a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin yaji, don kada ki gan ta sai mota ta yi nisa. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Duk garin nan sun san bakina ba shi da linzami, amma a gabanki sai ya mutu. To, abin da kunya ta hana baki, biro zai faɗa.

Shekaranjiya da hantsi ina gyaran sarƙar babur a bayan katanga, ke da Innarki kuna ɗaure kaya. Na ji kina ce mata saboda ƙanenki kika zaɓi karatun shari'a. Kika ce, "Inna, ai ni na ɗebo ruwan nan da kaina, ni na ba shi." Ta ce ki bar zancen. Ni kuwa sifana ta suɓuce daga hannuna, na zauna a ƙasa.

Ba ke ba ce. Kalma ɗaya ta Turanci ce ta buɗe wa gubar nan hanya, kuma ni na rubuta ta da hannuna: abrogate. Tunda shari'a za ki karanta, ba za ki yi wata uku ba wani malami mai kwat zai rubuta muku ita a allo, ya ce ma'anarta soke doka, ku kwafa, a wuce. Ni ina so ki san ta kafin ya koya miki, yadda ni na san ta.

Ba karya doka ba ce. Karya doka aikinmu ne mu talakawa: ka karya, a kama ka, doka tana nan da ranta, gobe ta kama wani. Ba dakatarwa ba ce, irin a ce a jingine zuwa bayan damina. Ba gyara ba ce, inda ake cire layi a sa wani. Wannan yanka ce. Mai iko kaɗai ke yin ta, da hatimi da sa hannu, kuma da ya yi, abin da jiya laifi ne yau ba mai tambayar kowa a kansa. Ba a faɗinta a tasha ko a kasuwa. Doka ake yi wa ita, da yarjejeniya, da haƙƙin da jama'a suka jingina da shi suna barci. Kalmar manyan takardu ce, ba ta ɗaga murya, shi ya sa take shiga gari ko kare bai yi haushi ba.

Kin san ƙamus ɗin nan nawa mai baƙin bango da kuke yi wa dariya ke da ƙannenki. A kasuwar Gummi na saye shi wurin mai tsofaffin littattafai, ina da shekara sha bakwai, na daɗe da barin firamare a aji huɗu. Rabinsa na baya babu, an yage an ƙunsa ƙosai da shi. Na kama daga shafin farko kamar mai neman sauka, kalma goma kullum, ina kan babur a tasha ina jiran fasinja. Wannan kalma tana cikin shafukan farko, ban yi mako ba na haɗu da ita. Na so ta, don tana cika baki. Na yi shekaru ina yawo da ita kamar mai sabuwar wuƙa da bai sami abin yankawa ba.

'Yan kabu-kabu suka sa mini Lawali Ƙamus. Katin asibiti, sammaci, takardar taki, duk wurina ake kawowa. Ina karantawa da ƙarfi, in ja Turancin sosai kafin in fassara, don a ji. Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Na koyi kalmomi don in fi mutane, ba don in tsaya musu ba. Ke za ki san ninki ɗari na abin da na sani. Duk ranar da kika ji wata kalma tana yi miki ƙaiƙayi a baki don girmanta kawai, ki haɗiye ta, ki nemi ƙaramar da Innarki za ta gane.

Kina da shekara huɗu lokacin da gubar dalma ta shiga ƙauyukan ƙasar Anka, ba za ki tuna ba. Ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida, yara suna rarrafe cikin ƙurar, sai jijjiga, sai kabari. Mu ma ta taɓa mu. Sai maigari da Liman da Ardo Buba na rugar yamma da dattawa suka zauna, suka kafa abin da muke kira dokar tafki. Layi huɗu ce. Ba niƙan dutse cikin gida. Ba wankin zinare a Tafkin Gawo, ko a ƙoramar da ke gangarowa cikinsa daga bayan dutse. Shanu su sha ta yamma, mutane su ɗiba ta gabas. Na huɗu, ba wanka, ba wanki, ba wanke komai a bakin ruwan. Aka rubuta, aka kai sakatariya aka buga hatimi. Sannan Sankira Mamman, mai shelar gari, ya rataya gangarsa, Alhamis uku a jere yana bin kasuwa rumfa-rumfa, har rugage ya taka da ƙafa. Ko kurma ya san an yi doka. Daga ranar mata suka riƙa ɗibar ruwan tafkin hankali kwance, don sun ji da kunnensu.

Shekara tara tana aiki. Sai wata rana farkon damina na dawo daga Bukkuyum, taɓo har kan sirdi. Na tsaya a bakin tafki na watsa wa babur kwano biyu. Na san layi na huɗu sarai, ai ni na karanta wa mutane shi. Ɗan Ila, mai gadin tafkin, ya zo ya ɗauke ni da mari a gaban mata masu ɗiban ruwa, ya zare makulli. Wata tsohuwa ta ce ashe Ƙamus bai kai layi na huɗu ba, aka kwashe da dariya. Babur ya kwana uku a zauren maigari. Na yi laifi, ban musa ba. Amma babu mari a cikin layi huɗun nan, kuma har yau in na tuna kuncina zafi yake.

Na zauna a tasha ina rantse-rantse, kowa ya ji. Rana ta biyu sai ga yaron gidan Alhaji Mai Inji, wai ana kirana. Alhajin nan ba ɗan garinmu ba ne. Yana da injinan niƙan dutse a bayan dutse, kuma saboda layi na biyu sai daga nesa ake jawo masa ruwa da tanka. Ya shigar da ni motarsa mai sanyi, ya kira ni Malam Lawali. Ba wanda ya taɓa ce mini malam. Ya ce mutum mai ilimi irina a mare shi gaban mata, wannan ba ni kaɗai aka ci wa mutunci ba, ilimi aka mara. Ya ce in rubuta koke, shi zai sa a buga a na'ura, shi zai kai inda ya kamata.

Ban tambaye shi me ya dame shi da kuncina ba. Mutumin da bai taɓa amsa sallamata ba, rana ɗaya ya zama mai jin zafin marin da aka yi mini, ni kuma da ƙamus ɗina da komai na haɗiye. Uwani, za ki haɗu da irinsa, da yawa ma, masu turare da taushin murya. In babban mutum ya yaba fushinki, ki tsaya cak. Ki tambayi kanki ina yake son ya kai shi, me zai sauke da shi. Fushin talaka jaki ne, mai kuɗi ba ya sayen abincinsa, hawa kawai yake yi.

Kada ki yi mini uzuri da jahilci. Na san kalmar gyara, tana nan shafuka kaɗan gaba, na haddace ta tun tuni. Da na rubuta a gyara layi na huɗu, a keɓe wa masu babur wuri a ƙasan tafki, a hana mai gadi ɗaga hannu, da shi ke nan. Na riƙe biro a sama na ɗan lokaci, ina jin kalmomin biyu. Sai na zaɓi babbar. Ina so Ɗan Ila ya rasa abin gadi. Ina so mutanen ofis su ɗaga takarda su ce kai, akwai ɗan ƙauyen da ya san wannan? Na bi 'yan tasha suka dangwala yatsa, na ce musu koke ne kan mari. Ba wanda ya ce in karanta masa. Sun yarda da ni.

Ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai a takardar nan. Kafin ki rubuta wannan kalma, ko ki bari a rubuta ta a gabanki, ki tashi daga kujera ki je ki ga su waye ke zaune a inuwar dokar. Da ƙafa, ba a fayil ba. Doka tana iya zama da layi ɗaya mai cizo da layi uku masu tsare rai. Ni saboda layi ɗaya da ya cije ni na sare itacen duka, alhali 'ya'yana na ƙarƙashinsa.

Takardar da muka rubuta ta neman gyaran famfon tuƙa-tuƙa ta shekara biyu ba amsa. Wannan ko wata ba ta yi ba amsa ta zo. Layi uku. Kalmata ce aka dawo mini da ita, an buga ta da na'ura, ta yi kyau kamar amaryar wani. A ƙasa hatimi, da wani sa hannu kamar kaza ta yi tono, an rubuta wai a madadin wani, babu suna. Kwafi ɗaya aka ba maigari, ɗaya ni. Na karanta ta sau ashirin a bayan rumfar mai faci, ƙirjina kamar zai fashe don daɗi.

Sai ga Sankira Mamman da sandarsa. Ya ce, "Ƙamus, an ce takarda ta zo. Akwai abin faɗi ga jama'a?" Na ninke ta na sa a aljihu, na ce babu komai Baba, ta ofis ce. Don a take na gane in mata suka ji dokar duka ta mutu saboda marina, ba zan ƙara shan ruwa a garin nan ba, har a ɗakin Innarki. Maigari shi ma ya jefa tasa a akwati, daga baya ya ce ai ba a umurce shi da shela ba. Ɗan Ila ya daina zuwa bakin tafki, mutane suka ce lalaci ne. Sau ɗaya na je na wanke babur a wurin, ba wanda ya hana ni, ban kuma ji daɗin komai ba.

Kin ga abin da ke ƙona mini rai? An kafa ta da ganga, Alhamis uku. An kashe ta da layi uku na Turanci a cikin akwati. Mata suna tafiya tafki da jarkokinsu a kan dokar da ta riga ta mutu, shanun Ardo suna sha ta yamma kamar yadda aka ce musu, kowa yana biyayya ga gawa. Waɗanda suka san ta mutu mu huɗu ne: mai sa hannu, da Alhaji, da maigari, da ubanki. Su ukun suna da rijiya a gida.

Da kaka maruƙan Ardo Buba suka fara faɗuwa, suna kumfa suna zagaye. Ya bi ƙorama da ƙafa har bayan dutse, ya tarar da ma'aikatan Alhaji jere cikin ruwa da kwanoni suna wanki, ruwan yana gangarowa kalar kunu. Ya ɗaga musu sanda ya ce akwai doka. Suka yi dariya, suka miƙa masa kwafin takarda. Tunda bai iya boko ba, wurin wa zai kai? Ya zo tasha da ita a ninke cikin malfarsa, ya tsuguna gaban babur ɗina, dattijon da ya girmi ubana, ya ce in duba masa.

Na karanta Turancin. A ranar ban ja shi ba. Ya sa yatsa daidai kan kalmar, kamar ya san ita ce, ya ce, "Wagga mi tac ce?"

Na ce ta ce an kashe dokar tafki.

Ya ce, "Ranar da anka haife ta mun ji ganga har ruga. Yaushe anka yi jana'izarta ba a gaya muna ba?" Ya ce, "To wa yar roƙi a kashe ta, Lawali? Ai hukuma ba ta kisa sai an kai ƙara."

Na ce ban sani ba, takardar ba ta faɗa ba.

Ya daɗe yana kallona, ya karɓi takardarsa, ya mayar cikin malfa. Kwana uku bayan nan ya kora shanunsa suka yi yamma wajen Gummi.

Ranar nan, Uwani, ina da ƙafa biyu da babur mai mai, tafkin yana nan inda in na yi kira za a ji. Da na je na tsaya a bakinsa na ɗaga murya, wannan muryar da nake zagin fasinja da ita. Abin da na yi shi ne na shiga gida na ce wa Innarki ku riƙa zuwa famfo. Ta ce don me, na daka mata tsawa na ce don na ce. Famfon da ke aiki ɗaya ne a lokacin, layinsa sai azahar, ke kuma kina da makaranta. Kika yi abin da kowace yarinya mai hankali za ta yi, kika je inda doka ta ce ruwa mai kyau ne. Ba a yi wata ba Habibu ya fara jijjiga a cinyar Innarki, yana da shekara biyu. Ni na goya su zuwa asibiti a Anka. Ma'aikatan lafiya suka auna jininsa, suka biyo sawu har gari, suka auna ruwan da lakar tafkin, suka sa aka killace shi. Namu ya rayu. 'Yar gidan Malam Isa mai ɗinki ba ta rayu ba. Yau Habibu shekararsa bakwai, kalmominsa ba su fi yatsun hannu ba, kowa Yaya yake ce masa. Ɗan Lawali Ƙamus.

Na ga kin daina wasa tun lokacin. Na ga yadda kike ba shi abinci a baki, kike hana kowa taɓa masa kofi. Na ce wa kaina tausayin 'yar'uwa ne. Ƙarya nake, ban so in sani ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi muni, ya fi rubuta kalmar, don rubutun na yini ɗaya ne, shirun kuwa kullum sai na sabunta shi. Ki kiyayi shirun da ke kare sunanki. In kika yi ɓarna a aiki, kuma za ki yi, ki faɗa tun tana ɗanya, ki faɗa wa wanda za ta cutar, ba wanda zai rufa miki asiri ba. Laifin da mai shi ya ƙi ɗauka ba ya zama a ƙasa. Wani marar ƙarfi ne zai zo ya tsince shi ya ɗora a kai. Nawa ke kika tsinta, kina da shekara sha uku.

Jiya na yi yawon da ya kamata in yi tun shekara biyar. Na fara da Liman. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce ko a addini ana shafe hukunci da wani hukunci, amma ba a ɓoye ba, kuma ba a barin mutane hannu wofi. Ya ce lokacin da aka sauya alƙibla, sai da wani ya je ya sanar da masu salla, suka juya suna cikinta. Ya ce mu kuwa mun bar mutane suna fuskantar inda ba kowa. Daga nan na tafi ruga, don Ardo ya dawo bara. Na gaya masa ni ne. Ya ci gaba da murza igiyarsa, ya ce ai ya sani tun ranar. Ya ce jira yake ya ga ko zan mutu da ita. Na je gidan Malam Isa. Abin da ya gudana a can ba zan rubuta ba. Innarki ce ta ƙarshe. Ta yi ta ninke zanenki ɗaya tana warwarewa. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Ka gaya ma ɗiyarka."

To na gaya miki. Ban roƙi ki yafe mini a takardar nan ba, wannan sai kin ga dama, kuma sai kin gama jin haushi. In don ki biya bashin Habibu kika zaɓi shari'a, babu komai a kanki, ki zaɓi abin da ranki ke so. In kuma har yanzu ita kike so, ki karance ta don kanki, da ƙarfinki duka.

Amma kada ki ɗauka ni kaɗai zan ɗauki wannan laifi. An yashe tafkin an sake buɗe shi bara, mata sun koma. Injinan Alhaji da suka tashi bayan ciwon yara, makon jiya na gan su sun dawo bayan dutse da sababbin kwanoni. Dokar kuwa har yau matacciya ce, ba wanda ya tayar da ita. Sau uku ina rubuta takardar a maido ta, da ƙananan kalmomi, da sunana a fili. Ba amsa. Ta kisa mako uku ta yi, ta rayarwa shekara ta wuce. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ruwan farko mai ƙarfi, ƙorama za ta kawo abin da ke bayan dutse.

Saboda haka na je wurin Sankira Mamman. Ya tsufa, ƙafa ta ƙi, amma ya ce in zan goya shi a babur gangarsa tana nan. Ranar Alhamis, kina aji ko kina layin rajista, mu muna kasuwa. Na rubuta miki abin da za a faɗa a ƙasa, don ki zama kin ji kafin kowa.

Ki kula da sallarki. Kada ki shiga motar yamma kowane irin sauri kike yi, kin san halin hanyarmu. Ki tambayi inda ruwan da za ki sha ya fito. Ki riƙa kiran Innarki, ki sa a kara wa Habibu waya a kunne, zai neme ki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗe miki ƙirji, ya raba ki da zafin kan ubanki, ya bar miki bakinsa don ranar da za a buƙace shi. Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Mahaifinki,
Lawali.

Ga abin da za a faɗa bayan ganga:

Jama'a, dokar tafki ta mutu shekara shida ke nan, ba a gaya muku ba. Kada kowa ya ɗebi ruwan Gawo sai an tayar da ita. Ni Lawali Ƙamus ni na roƙi a kashe ta, saboda mari ɗaya, kuma na ɓoye. Ga ni tsaye, mai magana ya yi. Maigari, takardar da ke akwatinka, fito da ita ka gaya wa matan nan me ya hana ka kiran Sankira. Alhaji Mai Inji, zo ka faɗi ofishin da ka kai kokena da ya samu amsa cikin mako uku. Kai kuma mai sa hannun da ba shi da suna, wanda ya soke dokar ruwan sha bai taɓa ganin tafkin ba, ba takarda muke so ba, ba kuma Turanci ba. Alhamis mai zuwa muna nan gindin gawo, da Ardo, da Malam Isa, da Habibu. Ka zo da ƙafarka, ka faɗi sunanka, ka gaya musu da Hausa abin da kalmar nan take nufi da dalilin da ya sa ka sa mata hannu. Ni na amsa nawa. Saura kai.